Foldscope a Wurin Kula da Yara Bayan An Tashi Daga Makaranta

Yaran firamare da iyayensu ke bari a wuraren kula da yara daga azahar zuwa la'asar sukan ƙare wunin ne tsakanin aikin gida da kallon talabijin, kuma duk mai kula da su ya san wahalar samun abin da zai riƙe hankalinsu ya kuma ƙara musu sani. Foldscope, wato madubin ganin ƙananan halittu da aka yi da takarda, yana cikin kayan da na ga sun cika wannan gurbi, matuƙar babba ya yarda ya zauna tare da yaran.

Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka wallafa bayaninsa a 2014. Yana zuwa ne a matsayin falle na takarda mai jure ruwa, a ciccire sassansa a nannaɗe su, sannan a saka ƙwayar gilashi wadda ba ta kai ƙwayar dawa girma ba. Wannan ƙwaya tana ƙara girman abu sau 140, tana kuma iya rarrabe abin da bai wuce maikiron 2 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ba ya buƙatar lantarki, hasken taga ko tocila ya ishe shi, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne a unguwannin da wuta ba ta da tabbas.

Babban amfaninsa a wurina shi ne yaro da kansa yake nemo abin da za a duba. Ana ɗora siririyar fatar albasa a kan farantin takarda, wato ɗan fallen da ake zurawa cikin madubin, a manne ta da salatif mai haske, sai ga ƙwayoyin halittarta jere reras, kowace da iyakarta. Daga nan yara ba sa jiran umarni: wannan ya kawo fiffiken sauro, wancan ya kawo garin furen kuɓewa, wata ta ciro zaren atamfarta ta kwatanta shi da gashin kanta. Gishiri da sukari, waɗanda ido ke ɗauka kusan abu ɗaya ne, sukan fito da siffofi mabambanta, kuma gardamar da yara ke yi a kan dalilin haka ta fi duk wani bayani da za a rubuta musu a allo. Ɗigon ruwan kududdufi shi ya fi girgiza su, domin yaron da ya ga halitta tana iyo a cikin ruwan da yake ganin babu komai a cikinsa ba ya sake jin maganar tafasa ruwa da wanke hannu a matsayin faɗan manya kawai. A darasin kimiyya na firamare an fi koyar da irin waɗannan abubuwa ta hanyar hadda, saboda makarantu kaɗan ne ke da babban madubin ganin ƙananan halittu na ƙarfe, inda ma akwai shi yakan zauna a kulle a ofishin shugaban makaranta.

Sai dai wanda zai saya ya kamata ya san iyakarsa. Haɗa shi yana buƙatar natsuwa da bin zane mataki mataki, abin da ya fi ƙarfin yaro ɗan aji ɗaya ko biyu, don haka ya fi dacewa da 'yan shekara takwas zuwa sama, ƙanana kuwa gilashin ƙara girma na hannu ya fi musu. Ana saita gani ne da manyan yatsu biyu yayin da madubin yake daf da ido, filin da ake gani kuma ƙarami ne, sai yaro ya koyi haƙuri kafin ya gano inda samfurinsa yake. Maganin wannan shi ne a manna shi a kyamarar waya da maganaɗisun da ke zuwa tare da shi, yara huɗu ko biyar su kalli hoto ɗaya. Wannan maganaɗisu da ƙwayar gilashin ƙanana ne ƙwarai, kuma haɗiye maganaɗisu haɗari ne babba, saboda haka wajibi ne a nisanta su daga yara masu rarrafe. Haka nan dole a gargaɗi yara kada su fuskanci rana da shi, kada kuma a yarda su huda yatsa don ganin jini.

Game da kuɗi, kayan haɗa guda ɗaya ba su kai dala ɗaya ba a lissafin waɗanda suka ƙirƙiro shi, amma abin da mai saye zai biya ya haura haka, ga kuma kuɗin jigila daga waje da canjin dala. Kamfanin da ke yin sa yana sayar da ƙunshin aji mai guda 20, kuma shi ya fi sauƙi idan wuraren kula da yara biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka raba. Wurin da ke da yara talatin ba ya buƙatar fiye da guda shida zuwa takwas, tare da salatif, da littafin da kowane yaro zai zana abin da ya gani ya rubuta inda ya samo shi, da mai kula guda ɗaya da ya riga ya gwada madubin kafin ya miƙa wa yara.