Star Radler da sauran abin sha a Tarkwa Bay: wanne ya jure zafin rana?

Wanda ya tashi a Jos kamar ni, inda sanyi kan sa mutum ya nemi abin sha mai nauyi da yamma, sai ya zauna a Legas kafin ya gane cewa giyar da ta dace da kan tudu ba lallai ba ne ta dace da bakin teku. Mu biyar ne muka yi Asabar da Lahadi a Tarkwa Bay, wani bakin teku da ke Legas, ni da ƙanina da abokan aikina uku, ɗaya daga cikinsu Musulmi ne wanda ba ya kusantar barasa. Tun da ba a isa wurin sai ta jirgin ruwa, kuma duk abin da aka tsallaka da shi farashinsa yakan ɗaga, sai muka cika kula biyu da ƙanƙara da abin sha iri-iri tun daga cikin gari. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda kowanne ya kasance a ƙarƙashin rana, ga masu sha waɗanda shekarunsu suka kai.

Wadda ta fi burge ni ita ce Star Radler, kuma ban yi tsammanin haka ba, domin a da ina yi mata kallon lemon yara da aka sa wa sunan giya. Haɗi ce ta giya da ruwan lemo, kuma barasar da ke cikinta kashi 2 cikin 100 ce kawai. Sunan ya samo asali ne daga Jamusanci, inda kalmar take nufin mahayin keke, wato abin shan wanda yake son ya kashe ƙishirwa amma yana da sauran tafiya a gabansa. Wannan ma'anar ta yi daidai da halin mai zaman bakin teku, wanda zai shiga ruwa, ya fito, ya buga ƙwallo a kan rairayi, sannan daga ƙarshe ya taka cikin jirgin da ke rawa a kan igiyar ruwa. Da misalin ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da rairayin ya yi zafin da ba a iya taka shi ba takalmi, na zaro gwangwani ɗaya daga ƙasan kula, raɓa tana tsiyaya a jikinsa har tana jiƙa mini hannu, kuma kurɓin farko ya zo da ɗan tsami da ɗan ɗaci wanda ya wanke gishirin teku daga bakina. Rauninta guda ne, kuma ba ƙarami ba ne: zaƙinta yana da yawa, kuma da zarar ta huce daga sanyi sai zaƙin ya danne komai, ta koma kamar lemon kwalba da aka manta a cikin mota. Saboda haka a sha ta da sauri, kuma kada a ciro ta biyu sai an gama da ta farko.

Lissafin da ya sa na fifita ta mai sauƙi ne. Gwangwani mai santilita 33 na Radler yana ɗauke da barasa ƙasa da mililita 7, alhali babbar kwalbar Guinness mai santilita 60, wadda ƙarfinta ya kai kashi 7.5 cikin 100, tana ɗauke da mililita 45. Ke nan kwalba ɗaya ta baƙar giya ta kusa yin daidai da gwangwani bakwai. Barasa kuma tana sa jiki fitar da ruwa ta fitsari fiye da yadda ya saba, ga gumin da iskar Legas mai laima ba ta bari ya bushe, ga rana a tsakiyar ka. Idan waɗannan suka haɗu, ciwon kai yakan riga maye zuwa.

Ba wai ina raina Guinness ba ne. Tun farkon shekarun 1960 ake yin ta a Ikeja, kuma tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masu yin giya a ƙasar nan suka koma ga dawa da masara, don haka dawar da ake nomawa a arewa tana da hannu a ɗanɗanon da muka sani. Sai dai lokacinta dare ne. Ƙanina ya buɗe ɗaya da tsakar rana duk da na ce masa ya dakata, bai kai rabi ba ya miƙo mini yana cewa, "Yaya, wannan ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon dawa." Da daddare kuwa, bayan iska ta taso daga teku kuma an kawo gasasshen kifi mai yaji, ƙaramar kwalba ɗaya ta yi daidai, domin ɗacinta yana iya tsayawa gaban barkono.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Star ta asali, wadda aka fara fitarwa daga Iganmu da ke Legas a 1949, da Heineken, dukansu ƙarfinsu kusan kashi 5 ne. Ba su da abin zargi idan sun yi sanyi sosai, sai dai ina ba da shawarar a ɗauki gwangwani a bar babbar kwalba. Santilita 60 ba ta ƙarewa kafin rana ta ɗumama ta, kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe yakan zama ruwan ɗumi mai kumfa, ga nauyin kwalabe a jirgi, ga haɗarin fasasshiyar kwalba a cikin rairayin da yara ke gudu a kai.

Orijin, wadda ta shigo kasuwa a 2013 da ƙarfin kashi 6, ta raba mana ra'ayi. Ɗaya daga cikin abokaina yana son ƙamshin ganyayyakinta, ni kuwa na ga zaƙinta yana ɓoye ƙarfinta, har mutum ya sha biyu yana zaton bai sha komai ba sai ya tashi tsaye. Haka Smirnoff Ice take, tana sauka a maƙogwaro kamar lemo. Idan za a sha su, a zuba a kan ƙanƙara mai yawa a matsa lemun tsami. Ita kuwa Orijin Bitters, mai kashi 30, da sauran barasa masu ƙarfi, mun bar su a gida kuma babu wanda ya yi kewarsu.

Bammi ne ya fi ba ni daɗi kuma shi ne ya fi ba ni haushi. Ranar Lahadi da sassafe wani dattijo ya kawo mana shi a jarka, fari fat, yana ɗan kumfa, mai zaƙi da ƙamshin da ya tuna mini da kudancin Kaduna. Na ce masa, "Baba, na yau ne?" sai ya tsiyaya mini kaɗan a murfi ya ce harshena ya ba ni amsa. Bammi yana ci gaba da tsima tun daga lokacin da aka sauke shi daga bishiya, shi ya sa na safe yake da laushi, na la'asar kuma ya yi tsami da ƙarfi. Da rana muka ƙara saye a hannun wani mai talla daban, wannan kuwa an tsinka shi da ruwa an ƙara masa sakarin, zaƙinsa yana maƙale a harshe har bayan an kurkure baki. Tun da babu tambari babu murfin kamfani, ɗanɗanawa kafin biya ita ce kaɗai kariyar mai saye.

Abokinmu Musulmi ya yi kwanakinsa biyu da zoɓo mai citta da muka daskarar tun daga gida, da Maltina, da ruwan ɗanyar kwakwa da ake fasawa a gabanka, kuma gaskiya mu ma mun yi ta kai hannu cikin kularsa. Ya so ya sha Chapman, wato haɗin lemo da kokwamba, sai na tuna masa cewa a bisa al'ada ana ɗiga wa haɗin Angostura, wata barasa mai ɗaci wadda ƙarfinta ya haura kashi 40, ko da yake ɗigo kaɗan ne. Ya roƙi mai haɗawa kada ta ɗiga Angostura, ta kuwa yi masa da kokwamba da lemo kawai. Wannan abu ne da ya kamata duk mai gayyatar abokin da ba ya sha ya sani.

Ruwan Tarkwa Bay ya fi na sauran bakin tekun Legas kwanciya saboda katangar duwatsun da ke kare mashigar tashar jiragen ruwa, amma kusa da shi, a bakin tekun da ake kira Lighthouse, igiyar tana da ƙarfin jan babban mutum. Dokar da muka kafa wa kanmu ita ce a yi iyo tukuna, sannan a buɗe kula, kuma kowane gwangwani a bi shi da ruwa leda ɗaya. Da muka tashi komawa ranar Lahadi da yamma na leƙa cikin kulolin: Radler ta ƙare tun Asabar, zoɓo ya ƙare, ruwa ya ƙare har sai da muka ƙaro, amma manyan kwalaben Guinness uku suna nan kwance a cikin narkakkiyar ƙanƙara, haka muka sake ɗaukar nauyinsu zuwa jirgi.