Sharhi kan aikin farfaɗo da Volkswagen Beetle ta 1959 da kayan adon zamaninta

Wannan sharhi ne kan aikin da wani gareji da ya ƙware a tsofaffin motocin Volkswagen masu injin baya ya yi mini a kan Beetle ƙirar 1959, da kuma kayan ƙari na zamanin motar da aka ɗaura mata bayan an gama gyaran. Na jira sai da na tuƙa ta cikin zafi da cikin ruwan sama, aka kuma canja mata baƙin mai fiye da sau ɗaya, kafin na rubuta, domin motar da ta fito daga fenti kowa yana yabon ta, amma ingancin aiki ba ya bayyana sai ta sha hanya. Hukuncina a taƙaice shi ne aikin ya yi kyau matuƙa, kuma abin da ya sa ya yi kyau shi ne mutanen sun ɗauki shekarar motar a matsayin ma'aunin kowane abu da ido zai gani, sannan suka sa sabon kaya mai inganci a duk inda lafiyar mutum ta rataya a kai.

Abu na farko da mai garejin ya nema, tun kafin a kwance ko da noti ɗaya, shi ne a tabbatar da ainihin motar. An duba lambar shasi da ke buge a kan ƙashin tsakiya ƙarƙashin kujerar baya, aka gwada ta da ta jikin farantin da ke bayan tayar safaya a gaba, sannan aka nemo takardar shaidar ƙira daga gidan tarihin motocin Volkswagen da ke Wolfsburg a Jamus, wadda ke nuna ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da ƙasar da aka fara aika ta. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a kan Beetle, saboda an ƙera sama da miliyan 21 daga cikinta kafin a rufe aikin a Puebla ta ƙasar Meziko a Yulin 2003, kuma kayan shekaru dabam-dabam suna shiga jikin juna cikin sauƙi, har ta kai mota guda tana iya ɗauke da bamba na wata shekara, fitilun wata, da sitiyarin wata. Tawa ma haka take. An same ta da fitilun baya na shekarun 1960 da ƙananan fitilun sigina da wani ya huda fuka-fukan gaba ya dasa, alhali Beetle ta 1959 da aka yi wa kasuwar Turai tana amfani ne da hannun sigina mai fitowa daga ginshiƙin da ke bayan ƙofa, wanda ba a daina sa shi a can ba sai 1960.

Inda garejin ya fi burge ni shi ne aikin bodi. An ɗage gangar jikin gaba ɗaya daga kan shasi, abin da tsarin Beetle ya ba da dama tunda kusoshi ne suka haɗa su, sai ɓarnar da fenti ya daɗe yana rufewa ta fito fili. Ƙasan motar ta ɓangaren dama a baya, inda batir yake zaune ƙarƙashin kujera, ya rube saboda ruwan batir da ya yi shekaru yana ɗiga, kuma hanyoyin iskar ɗumi da ke bi ta ƙarƙashin ƙofofi sun cinye daga ciki. Waɗannan hanyoyi ba bututun iska ne kawai ba, su ne ke riƙe da ƙarfin gangar jikin, shi ya sa motar da suka lalace a jikinta ƙofofinta ke sauka su daina rufuwa daidai. Mai waldar ya tokare bakin ƙofofin da ƙarafa kafin ya yanke tsohon ƙarfe, don kada jikin ya karkace, ya kuma riƙa maida ƙofar yana gwadawa kafin ya kammala kowane ɗinki. Bai yarda ya cike rami da fila ba a inda ya kamata a sa ƙarfe. Na ga hotunan kowane mataki, kuma har yanzu ƙofofin suna rufuwa da ɗan turi kaɗan, tazarar da ke tsakaninsu da jiki daidai take daga sama har ƙasa. Ga duk mai neman wanda zai yi masa irin wannan aiki, wannan ne wurin da ya kamata ya tsaya ya yi tambayoyi, domin fenti ana iya sake shi kowane lokaci, amma jikin da aka yi wa walda a karkace da wuya ya sake miƙewa.

Injin kuwa an bar shi yadda kamfani ya yi shi: silinda huɗu a kwance biyu suna fuskantar biyu, girman 1192 cc, ƙarfin doki 30 bisa lissafin Jamus, iska ke sanyaya shi, babu lagireto babu ruwa. An ba ni zaɓin a sa inji mafi girma na shekarun baya, kuma na ji daɗi da mai garejin ya faɗa mini gaskiya cewa shi bai ba da shawarar hakan ba, tunda birki da giyar motar an yi su ne daidai ƙarfin wannan ƙaramin injin. An sake fistin da ringi da bawul, aka wanke kafireta ƙirar Solex 28 PCI aka sa mata sababbin gaskit, aka bar cok ɗinta na hannu. Abin da ya nuna mini sun san aikinsu shi ne kulawar da suka ba farantan gwangwanin da ke kewaye da injin da robar da ke rufe tsakaninsa da jiki. Mutane da yawa suna zubar da waɗannan faranti suna ganin ba su da amfani, alhali su ne ke tilasta wa iskar fanka bi ta kan silindoji, su kuma hana zafin salansa komawa ciki. A irin wannan inji, na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne a gaban iskar da za ta je silinda ta uku, don haka wannan silindar ce ta fi sauran ɗaukar zafi, kuma ita ce kan fara ƙona bawul idan aka yi sakaci. Ba a gyara wannan tsari ba sai a injinan 1971.

Wutar motar volt 6 ce, kuma a nan ne na fi yin tunani kafin na yanke shawara. Mayar da ita volt 12 yana sauƙaƙa tashi da ƙara hasken fitila, amma yana nufin canja dainamo, kwayil, kwan fitilu, injin share gilashi da kuma yi wa hannun sigina dabara. Garejin ya sake wayarin gaba ɗaya, ya goge kowane mahaɗi har ya yi ƙyalli, ya sa igiyar ƙasa mai kauri daga batir zuwa jiki da kuma daga giya zuwa shasi. Dalilin a bayyane yake: tsarin volt 6 yana buƙatar ninkin ƙarfin gudun wuta don yin aikin da volt 12 zai yi, saboda haka ɗan tsatsa a mahaɗi guda yana cinye kaso babba na wutar. Bayan wannan aiki motar tana tashi ba tare da wahala ba, fitilun gaba suna isa ga tafiyar dare a hankali, ko da yake ba zan ce sun kai na motar zamani ba.

Yanzu ga kayan ƙari, waɗanda su ne suka ba motar kamannin shekarunta. Mafi daraja a cikinsu rediyo ce ƙirar Blaupunkt Frankfurt ta ƙarshen shekarun 1950, mai aiki da kwalaben lantarki, wadda ta zauna daram a gurbin da ke tsakiyar dashbod ba tare da an yanke komai ba. Wani ma'aikacin lantarki da garejin ke hulɗa da shi ya sake mata ƙananan kayan cikin da shekaru suka busar. Tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta yi ɗumi ta fara magana, muryarta tana da kauri mai daɗin ji, amma dole mai sha'awar irinta ya san abu biyu: zangon FM na rediyoyin wancan lokaci yana tsayawa ne wajen 100 MHz, don haka tashoshin da ke sama da nan ba za su kamu ba, sannan tana shan batir sosai idan aka bar ta a kunne inji na kashe. Duk da haka ban taɓa tunanin musanya ta da sabuwar rediyo mai fuskar tsohuwa ba.

Akwai kuma ƙaramin tulun fure na tangaran da ake maƙalawa a dashbod, abin da masu Beetle suka so ƙwarai a shekarun 1950, har kamfanin ya dawo da shi a New Beetle ta 1998. Akwai kantar ajiye kaya da ake ɗaurawa ƙarƙashin dashbod, wadda ta zama mafi amfani a gare ni a kullum, tunda motar ba ta da wuraren ajiye ƙananan abubuwa da yawa. Abin ɗaukar kaya na saman rufi mai katakai yana da kyan gani, sai dai yana ƙara ƙarar iska, kuma motar da iyakar gudunta bai wuce kusan kilomita 110 a awa ba tana jin nauyinsa idan iska ta yi mata gaba. Nakan cire shi idan ba ni da kayan ɗauka.

Wani abin da aka tambaye ni ko ina so shi ne agogon mai. Beetle ba ta fara zuwa da shi daga kamfani ba sai ƙirar 1962. Kafin nan akwai ɗan hannu a jikin bangon gaba kusa da ƙafar direba, wanda ake juyawa idan inji ya fara shaƙewa, sai ya buɗe ragowar kusan lita 5 daga tanki mai ɗaukar lita 40. Ana sayar da agogon ƙari tun a wancan zamani, saboda haka sa shi ba zai saɓa wa shekarar motar ba, amma na zaɓi a gyara famfon asali da wannan hannu ke buɗewa a sa masa sabuwar roba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tuna a mayar da hannun wurinsa bayan an sha mai.

A kan abubuwan da suka shafi rai, garejin bai yi sassauci ba, kuma na goyi bayansu ɗari bisa ɗari. Birkin motar ganga ne a ƙafa huɗu, layi guda ne ke kai mai ga dukkansu, ma'ana idan bututu ɗaya ya fashe an rasa birkin baki ɗaya, don haka an sake kowane bututu na ƙarfe da na roba da silindojin ƙafafu. Tiyon fetur an sa irin wanda ke jure man da aka gauraya da ethanol, aka ɗaure kowane baki da kilif, domin tiyon da ya tsage ko ya zame daga kafireta a kan inji mai zafi shi ne sanadin gobarar da ta cinye Beetle da yawa. Tayoyin masu farin gefe ne, girman 5.60-15 kamar na asali, amma sababbin ƙira ne, ba tsofaffin da suka kwana a sito ba, kuma an nuna mini lambar mako da shekarar da aka buga a gefensu. An kuma ɗaura bel ɗin kujera, bayan an yi waldar faranti masu kauri a inda zai kama. A shekarar 1959 ɗin ce Volvo ta fara sa bel mai kama wuri uku wanda Nils Bohlin ya tsara, amma Beetle ta wannan shekara ba ta zo da shi ba. Wannan ne kaɗai abin da ido ke gani a cikin motar da ba na zamaninta ba, kuma ba zan ɗauki kowa a cikinta ba tare da shi ba.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma ya kamata a faɗa. Lokacin da aka ɗiba ya wuce da nisa, kuma ba a riƙa sanar da ni dalili ba sai na tambaya. Wani ɓangare na jinkirin na neman kaya ne, wannan na fahimta, amma saƙo guda a kan lokaci da ya rage damuwa. Abu na biyu shi ne wasu kayan kwaikwayo da aka yi amfani da su a inda na asali ya gagara samuwa. Robar gilashin baya ta fara tsagewa a kusurwa tun ba a je ko'ina ba, kuma bamban baya, wanda sabon kwaikwayo ne, ƙarfensa ya fi na asali sirantaka, ƙyallinsa kuma ya fara nuna ɗigon tsatsa bayan ruwan sama na farko, alhali na gaba, wanda tsohon na asali ne da aka miƙe aka sake masa ƙyalli, ko gezau bai yi ba. Garejin ya sake robar ba tare da gardama ba. Da na san bambancin zai kai haka, da na ce a jira har a samo tsohon bamba ko da ya lanƙwashe.

Kula da motar bayan an karɓe ta aiki ne da ba ya yankewa, kuma na yaba da mai garejin ya zaunar da ni ya nuna mini da hannunsa. Injin yana ɗaukar lita 2.5 kacal na baƙin mai, ba shi da filta sai rariyar ƙarfe a ƙasa, shi ya sa ake canja man duk kilomita 5,000 ana wanke rariyar. Ana duba tazarar bawul inji na sanyi, ana duba kwantak, wato ɗan makunnin da ke sa fulogi ya ba da wuta, ana ɗura girisi a gatarin gaba a kai a kai. Ya jaddada mini cewa fanbel ɗaya ne ke juya dainamo da fankar sanyaya inji, saboda haka idan jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a buɗe baya a duba, domin injin da fankarsa ta tsaya yana iya lalacewa cikin 'yan mintuna. Giya ta ɗaya ba ta shiga cikin sauƙi sai mota ta tsaya cak, kuma iskar tayoyin gaba dole ta gaza ta baya saboda nauyin yana baya, in ba haka ba motar takan yi rawa a kwana. Fanbel na safaya, da kwantak, da fulogi, da ƙaramin abin kashe gobara suna cikin motar koyaushe, kuma a halin yanzu garejin yana nema mini bamban baya na asali da za a sake wa ƙyalli a maye gurbin na kwaikwayon.