Akadamin shirin PLAB 2 da na shiga a Manchester, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Tun da na dawo Kano ƴan ajinmu da ƙannenmu na asibiti suke ta damuna a WhatsApp, Cif wane akadami ka shiga, Cif dole ne sai mutum ya shiga ko zai iya karanta abinsa a ɗaki, to na gaji da tura saƙon murya na minti goma goma shi yasa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan wajen kam ba zan faɗa ba saboda akwai inda zan caccake su kuma ban zo tonon silili ba, wanda ya matsu ya same ni ta gefe. Dama dai akadamomin nan na Manchester kusan duk kanwar ja ce, abin da zan faɗa a kan nawa zai hau kan yawancinsu.

Ga wanda bai san zancen ba, PLAB ita ce jarrabawar da hukumar likitocin Birtaniya wato GMC take yi wa likitan da ya yi karatu a waje kafin ta ba shi lasisin aiki. Ta farko rubutu ce, tambaya 180 cikin awa uku, ni a Abuja na yi tawa, kuma kafin ita sai ka kawo sakamakon Turanci, ko IELTS mai 7.5 ko OET mai B. Ta biyun ita ce mai ƙashi, don ba a yin ta ko'ina a duniya sai Manchester, a cibiyar GMC da ke unguwar Spinningfields. Tasha 16 ce, kowacce minti takwas, a bakin ƙofa ana ba ka minti ɗaya da rabi ka karanta takardar da aka manna, sai ƙararrawa ta buga ka shiga ka tarar da ɗan wasan kwaikwayo yana zaune a matsayin mara lafiya ko ɗan'uwan mara lafiya ko ma abokin aiki. Abu uku ake ba ka maki a kai, yadda ka tattara bayani ka duba shi, yadda ka tsara magani, da yadda ka yi mu'amala da shi. Suna so su ga ka kai matsayin likitan da ke shekararsa ta biyu bayan gama makaranta a can, ba kwansaltan wato babban ƙwararren likita suke nema ba.

Kuɗin jarrabawar kaɗai a lokacin ya tasar ma fam dubu, kuma lokacin da na biya fam ɗaya ta haura naira 2,000, ku lissafa da kanku. Ga biza, ga tikiti, ga haya da ci na sati bakwai, kuma bizar ziyara ce ba a yarda ka yi aikin ko sisi ba. Motata na sayar, Baba ya cika min sauran yana cewa "Allah ya sa alheri za ka samo, amma ni dai da ka zauna a gida". Akadamin kuma ya karɓi fam ɗari biyar da ƴan kai, wai kwas na kwana goma sha biyu, mok wato jarrabawar gwaji guda huɗu, da damar shiga ɗakin gwaji har ranar jarrabawarka.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai don in huce. A shafinsu sun ce aji ƙarami ne kowa zai samu kulawa, da na je mun fi mutum sittin a zaure ɗaya, in ka zauna a baya sai dai ka ga bakin malamin yana motsi. Ana shiga tara na safe a fito wajen takwas na dare, malam ɗaya yana ta zuba kamar rediyo, kuma rabin abin da yake faɗa karanto maka takardun da suka riga suka tura maka yake yi. A kwana na huɗu wallahi barci na dinga yi a zaune. Gidan da suka haɗa ni da shi kuma, hoton da aka tura min daban ɗakin da na tarar daban, mu uku a ɗakin da ko mutum biyu sun matsu, banɗaki ɗaya ga mutum tara, hita sai an ga dama a kunna kuma a watan Disamba ne, da na yi magana matar ofis ta ce su haɗawa kawai suke yi ba ruwansu da mai gida. Sati biyu na yi na tattara na koma wajen wani ɗan Zariya a Longsight, kuɗin ajiyata fam ɗari da hamsin har yau ban gani ba.

Sai babbar matsalar, haddar nan da suke sayarwa. Za su ba ka wani ƙaton littafi, kowane irin mara lafiya da kalmomin da za ka faɗa masa daga sallama har bankwana. Ka tambayi me yake tunanin yana damunsa, me ya fi tsoro, me yake so a yi masa, sannan ka ce masa ka ji ba daɗi da halin da yake ciki. Tambayoyin ba laifi ne da su ba, amma yadda ake cusa su ne, sai ka ga mutum sittin duk suna magana da baki ɗaya kamar ƴan makarantar allo suna biya wa juna. Wata rana muna gwaji wata ƴar Indiya ta zama mara lafiya ta ce wa abokina mijinta ya rasu satin da ya wuce, shi kuwa gogan naka ya ce ayya na ji ba daɗi, kina shan taba? Muka fashe da dariya amma fa abin ba na dariya ba ne, haka da yawa suke faɗuwa. GMC da kanta ta sha faɗa cewa ba ta da wani kwas da ta amince da shi kuma masu ba da maki suna gane haddadden zance, su kuma ƴan wasan nan sun ji jimla ɗaya sau dubu, kana fara ta za ka ga fuskarsu ta mutu.

To me yasa duk da haka ban ce kar ku shiga ba. Ɗakin mutum-mutumin roba shi ne na farko. Hannun ɗiban jini da sa kanula wato ƴar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, na sa robar fitsari na maza da na mata, na duban nono, na dubura, na ɗaukar gwajin bakin mahaifa, kan da ake leƙa ido da kunne, ga kuma babban wato SimMan mai numfashi da bugun zuciya wanda ake haɗa shi da na'ura ya zama mai asma ko wanda jini ya zube masa. Mu nan gida mun yi waɗannan abubuwa a jikin mutane sau ba adadi, ni da na yi shekara huɗu ina kwana a imajensi ba wanda zai koya min sa kanula, amma roba daban take, jijiyarta ba ta faɗa maka komai, kuma abin da ake kallo ba shigar allurar kaɗai ba ne, ka tabbatar da sunan mutum da ranar haihuwarsa, ka nemi izini, ka ce za a kira mai rakiya in wajen tsiraici ne, ka jefa allura a kwandonta nan take. Ranar farko na sa kanula cikin sakan talatin ina jin kaina, mai kula da ɗakin ta ce Dakta ka faɗi, ka ajiye allura a kan tire. Ɗakin yana buɗe har goma na dare kuma in ka je da sassafe ba layi, wannan kaɗai ya ci rabin kuɗin. Wasu robobin dai sun tsufa, hannu ɗaya ya sha huda har ya zama rariya.

Na biyu wani malami ne ɗan Masar da yake zuwa ranakun mok kawai, yana aiki a NHS wato hukumar asibitocin gwamnatinsu, da shi ne yake koyar da kwas ɗin duka da tauraro biyar zan ba su. Shi ya fara nuna min ciwon da ban san ina da shi ba. A mok ɗina na farko aka ba ni ɗan wani dattijo da aka gano yana da ciwon daji, ɗan yana roƙo kar a faɗa wa mahaifinsa don zai karaya. Ni kuwa abin ya zo min kamar a gida, nan take na ce kar ka damu za mu bi a hankali, har na fara yi masa bayanin sakamakon hoton. Malamin ya tsayar da ni ya ce ɗan'uwa wa ya ba ka izinin faɗa wa wannan mutumin sirrin babansa? Na yi tsuru tsuru. Mu a nan ai babban ɗa ko miji ko yaya ake ja gefe a faɗa wa, shi mara lafiya a ce masa Baba sai haƙuri, za a samu sauƙi in sha Allahu, kuma ba mugunta ba ce, tausayi ne irin namu. Can kuwa in dai mutum yana cikin hankalinsa labarin jikinsa nasa ne, shi za a fara tambaya ko yana son ji da kuma wa yake so a faɗa wa. Haka yarinya ƴar shekara 15 za ta zo neman maganin hana ɗaukar ciki ta ce kar mamanta ta sani, akwai ƙa'idojin Fraser da za ka bi, ka tabbatar ta fahimta, ka lallashe ta ta faɗa wa iyayenta, ka binciki waye saurayin da shekarunsa ko cutar da ita ake yi, amma ba za ka ɗauki waya ka kira gida ba. Ba sai abin ya kwanta maka a rai ba, ni ma akwai wanda har yau yake min nauyi, amma dokar wajen kenan kuma a kanta za a auna ka.

Ya kuma ce min ina magana kamar mai ba da umarni. Gaskiyarsa ne, wanda ya saba ganin mutum saba'in kafin azahar ba ya tambayar mara lafiya ra'ayinsa, rubutawa kake yi ka ce je ka saya, shi ma kuma in ka tambaye shi me kake ganin ya dace zai ce ai kai ne likita. Sai da na yi sati uku kafin bakina ya koyi yin shiru, mutum ya gama maganarsa ban katse shi ba. Akwai kuma ƙananan abubuwa na tsarinsu da ba za ka sani ba sai an faɗa maka, wanda ake zargin daji ana tura shi ganin ƙwararre da gaggawa, mai farfaɗiya sai an yi masa zancen tuƙi da sanar da DVLA wato hukumar lasisin tuƙi, magani ka duba BNF wato littafin magungunansu, kar ka rubuta daga ka, kuma zazzaɓi ba maleriya ba ce sai ka tambaya ko ya yi tafiya, wannan kam sai da na danne hannuna.

Mok ɗin nasu huɗu, biyu sun yi kyau sosai, da ƙararrawa da gargaɗin saura minti biyu kamar na gaske. Sauran biyun waɗanda suka ba da maki ɗalibai ne irinmu da suka yi jarrabawa satin da ya wuce ko sakamakonsu bai fito ba, wani ya ba ni maki mai yawa a tashar da na san na kwafsa, wata kuma ta kayar da ni don ban faɗi jimlar littafi ba. Kar makin mok ya ɗaga maka hankali ko ya kumbura maka kai.

Na uku abokan gwaji, kuma a nan ne ainihin karatun yake. Mu uku muka haɗu, ni da wata ƴar Sudan da wani ɗan Pakistan, kullum bayan kwas ya ƙare muna yin tasha goma sha biyu zuwa sha biyar da agogo a hannu, ɗaya likita ɗaya mara lafiya ɗaya mai maki. Shawarata kar ka haɗu da ƴan gida zalla, za ku dinga fahimtar juna ko ba ku faɗi abu daidai ba kuma rabin lokacin zai tafi a hirar siyasar Kano. Ɗakin sallah suna da shi ƙarami, amma a hunturu rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa, sai ka tsara hutunka. Abincin halal ba matsala, Wilmslow Road a Rusholme cike take, sai dai tsada, ni garin tuwo da kuka da yajin da Hajiya ta ɗaure min su suka riƙe ni.

Ranar jarrabawa abin ya zo da sauƙi fiye da yadda aka tsorata mu, ma'aikatan GMC suna da kirki, akwai tashoshin hutu a tsakani, ƴan wasan kuma sun fi na akadami iya wasa nesa ba kusa ba, wata mata da ta fara kuka sai da na manta jarrabawa nake. Tasha biyu ta waya ce, ɗaya rubuta magani, ɗaya koyar da ɗalibi. Kusan rabin abin da na gani babu shi a littafin hadda yadda yake, an juya shi. Na ci, alhamdulillah, na faɗi tasha uku ciki har da wadda na fi tabbacin na iya.

Wani abu da ba za su faɗa maka ba ranar da kake biyan kuɗi, cin PLAB lasisi yake ba ka, ba aiki ba. Masu nema sun yi yawa yanzu, ni kaina na cike gurabe sun fi ɗari ina nan ina jira, shi yasa ma kuka gan ni na koma kiran dare a asibitinmu.

Tauraro uku cikin biyar nake ba su. In suna da tsarin da za ka biya ɗakin roba da mok kaɗai ba tare da kwas ba, shi za ka ɗauka, nawa sun ce akwai amma sai da na riga na biya duka na ji. Masauki kuma ka nemi abinka da kanka, ka sa a nuna maka ɗakin ta bidiyo kai tsaye kafin ka tura ko fam ɗaya.