Sigma Pi Sigma: Abin da ɗalibin fiziks ke samu idan ya karɓi gayyatar

A ƙarshen shekarar karatu, sassan fiziks na jami'o'in Amurka da dama kan shirya bikin karrama ɗaliban da ke shirin fita, kuma cikin abubuwan da aka saba gani a irin wannan biki akwai shigar da waɗanda suka yi fice cikin Sigma Pi Sigma, ƙungiyar da ke karrama haziƙan ɗaliban fiziks. Ɗalibin da aka gayyata yakan biya kuɗin rajista sau ɗaya tak, daga nan ya zama mamba har iya rayuwarsa. Tunda karramawa ce da ke tafe da biyan kuɗi, ya dace a auna ta kamar yadda ake auna kowace hidima, a ga ko abin da ake samu ya kai abin da aka bayar.

Ta fuskar asali dai babu abin zargi. An kafa ƙungiyar a Kwalejin Davidson da ke jihar Karolina ta Arewa a watan Disamba na 1921, sannan a 1968 ta haɗu da rassan ɗalibai na Cibiyar Fiziks ta Amurka, inda aka samar da Ƙungiyar Ɗaliban Fiziks da ake kira SPS. Wannan ya raba ta da kamfanonin da ke aika wa ɗalibai wasiƙun yabo barkatai domin su sayar musu da takardar shaida, domin a nan malaman sashen da suka koyar da ɗalibi, suka kuma san ƙwazonsa, su ne ke da ta cewa wajen zaɓensa.

Bikin shigarwar shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ana kiran sunan ɗalibi a gaban malamansa da iyayensa, ya tako ya sa hannu a littafin reshen jami'arsa, wanda shafukansa na baya ke ɗauke da sunayen waɗanda suka gabace shi, wani lokaci har da na farfesan da ke miƙa masa alƙalamin. Bayan haka sai a ba shi takardar shaida da ɗan ƙaramin bajo da ake maƙalawa a ƙirjin kwat. Ga wanda ya kwashe shekaru yana kokawa da lissafin kwantum da rahotannin ɗakin gwaji, wannan ɗan lokaci yana da daraja ta gaske, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Igiyar girmamawa da ake ratayawa a wuya ranar yaye ɗalibai kuwa, sayenta ake yi daban.

Inda nake da ja shi ne faɗin ƙofar shiga. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce ɗalibin digirin farko ya kasance cikin kashi ɗaya bisa uku na saman ajinsu, ya kuma kammala aƙalla kwasa-kwasan fiziks uku, ko da yake kowane reshe na da ikon tsaurara sharaɗin. Wannan mizani na nuna ɗalibi mai ƙoƙari ne, amma bai isa ya nuna cewa shi ne zakaran shekararsa ba, kuma kwamitin da ke tantance masu neman digirin digirgir ya san da haka sarai. A kwatanta da lambar LeRoy Apker da Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka ke bayarwa tun 1978, wadda a bisa al'ada ɗalibai biyu kacal ke samu a shekara, ɗaya daga jami'ar da ke ba da digirin digirgir, ɗaya daga wadda ba ta bayarwa, kuma binciken da ɗalibi ya gudanar da kansa ake dubawa. Wanda ya ci yana karɓar dala 5,000, sashensa ma a ba shi dala 5,000 domin tallafa wa binciken ɗalibai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun babba ce, kuma bai kamata a bar iyaye su ɗauka abu guda ne ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ake yawan ambata, wato cewa zama mamba na iya ba mutum damar fara aikin gwamnatin tarayyar Amurka a matakin albashi na GS-7 maimakon GS-5 da ke ƙasa da shi. Gaskiya ne, sai dai wannan ƙa'idar ta gwamnati tana ba da dama iri ɗaya ga duk wanda ya fita cikin kashi ɗaya bisa uku na saman ajinsu ko ya samu matsakaicin maki 3.0 daga cikin 4.0, saboda haka yawancin mambobin sun riga sun cancanta tun kafin su biya ko sisi.

Ribar da ta fi tabbata tana cikin mu'amala da mutane. Mamba yana samun mujallar ƙungiyar mai suna Radiations, yana kuma iya halartar babban taronta, irin wanda aka yi a birnin Providence na jihar Rhode Island a 2019 da kuma birnin Washington a 2022, inda ɗalibi zai baje sakamakon bincikensa a gaban masana ya kuma ƙulla alaƙa da tsofaffin mambobi da ke aiki a masana'antu da ɗakunan bincike. Amma wannan duka ya danganta ne da ƙarfin reshen jami'ar, domin wani reshen yana shirya laccoci da ziyarar makarantu duk shekara, wani kuwa ba a jin ɗuriyarsa sai ranar biki. Haka nan, da yake galibin rassan a Amurka suke, sunan ba ya ɗaukar nauyi sosai a wajenta.

Shawarata ga ɗalibin da aka gayyata ita ce ya karɓa, amma kafin ya biya ya tambayi malamin da ke kula da reshen ayyukan da suka gudanar a shekarar da ta wuce, ya kuma bincika ko sashen na biya wa ɗalibansa kuɗin rajistar, domin wasu sassan suna ɗaukar wannan nauyi.