Na sa wa akori-kurata waifa mai ɗan hutawa

Duk mai tuƙa tsohuwar Peugeot 504 akori-kura, irin wadda kamfanin Peugeot na Najeriya (PAN) ya riƙa haɗawa a da a Kakuri, Kaduna, ya san wahalar yayyafi. Idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka kunna waifa ka ƙyale ta. Amma tsattsafin Agusta da ke wuni yana sauka, in ka bar ta sai roba ta dinga kuka a busasshen gilashi, in ka kashe kuma kafin ka sauka gadar Kawo gabanka ya dushe.

Shi ya sa na sayi ɗan akwatin jinkirta waifa, na kai wa wani mai wayarin a Panteka. A cikinsa akwai kafasita mai cika da wuta sannu a hankali. Da ta cika sai ya aika wa injin waifa wuta, ta share sau ɗaya, ta jira. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, Robert Kearns, ya nemi rajistarta a 1964, har ya kai Ford kotu ya yi nasara a 1990.

Kafin mai wayarin ya taɓa waya ko ɗaya, sai da ya buɗe injin waifar. Ya nuna mini wani ɗan faifan tagulla da ya yi baƙi ƙirin da tsohon giris, ya ce, "Alhaji, wannan ne ke mayar da ita ta kwanta. In ba shi da lafiya, a tsakiyar gilashi za ta dinga tsaya maka." Ya kankare shi tas, ya sa sabon giris, sannan ya haɗa akwatin da fis nasa na kansa. Wannan aikin ya fi burge ni.

Yanzu a hanyar Zariya hannuwana biyu na kan sitiyari, robar kuma ta daina kuka. Wallahi na ji daɗi.

Inda akwatin ya gaza: mamurɗin daidaita jinkirin ba shi da alama, da lalube kake gano tazarar da ta dace, wayoyin da ya zo da su kuma sirara ne, sai da muka canza. Ba ya sanin ƙarfin ruwa, in tirela ta watso maka sai ka koma makunnin asali da sauri.

Ina ba masu tsofaffin motoci shawarar su sa, amma a fara duba injin waifa kafin a biya kuɗin akwati.