Woordenlijst.org: ya iya yanka kalma, amma furuci sai da kunne

Hausawan Jidda da Makka masu shirin jarrabawar Holanci ta matakin A1, wadda ake nema kafin bizar bin miji ko mata zuwa Holan, dogayen kalmomi ne ke fara karya musu gwiwa. Shafin woordenlijst.org na Taalunie, hukumar kula da harshen Holanci, wadda Holan da Beljiyam suka kafa a 1980, kyauta ne, kuma aikinsa ɗaya da ya fi burgewa: yana raba kalma gaɓa-gaɓa da ɗigo.

A gwada shi da sunan iƙama: ver·blijfs·ver·gun·ning. Kalma biyu ce, verblijf (zama) da vergunning (izini), sai s ta ɗinke su. Wannan s ɗin gaɓar baya take bi, ba ta buɗe sabuwa. Kalmar ƙarshe ke riƙe da ma'ana, ita ke zaɓar de ko het, kalmomin da ake sa wa gaban suna kamar the a Turanci, don haka daga wutsiya ake fara fassara. Likitan iyali huis·arts ne. Wanda ya ce hui·sarts ya yanka a inda babu gaɓa.

Ɗigon har tsawon wasali yake tona wa. Ma·nen, gaɓa a buɗe, a ja shi: watanni, jam'in watan sama. Man·nen, a rufe, a gajarta: maza. Mu da muke bambance fari da fāri, wannan ba baƙon abu ba ne.

Inda ya gaza shi ne, ɗigon na rubutu ne. Bai nuna inda ake danna murya ba, alhali a harhaɗaɗɗiyar kalma ɓangaren farko ne yawanci ke ɗaukar nauyi. Bai kuma faɗa cewa d ta ƙarshen gaɓa t take komawa ba. Kuma shafin duk da Holanci yake, ba kuma kowace harhaɗaɗɗiya za a tarar ba, sai a nemi sassanta ɗaya-ɗaya.

A yi hattara da massagebed. Massa·gebed addu'ar taron jama'a ce, massage·bed gadon tausa. A ta farko g daga maƙogwaro take fita kamar خ, wadda mazaunin Saudiyya ya riga ya saba da ita, haka ma ch ta cikin sch. Abin da ya rage a yaƙa shi ne ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe: blijfs gaɓa ɗaya ce tak, ba "bilaifis" ba.