Kafin ki sayi takalmin tattara: ƙaramin ko mai harshe?

Duk macen da ke ɗinki a cikin gida a Jidda ko Makka ta san halin da ake shiga idan azumi ya raba tsakiya. Kowace uwa sai ta zo da yadin 'yarta tana so a yi mata riga mai tattara hawa uku, irin wadda Larabawa ke ce wa kashkasha. Na yi shekaru ina yin ta da hannu: in yi layi biyu na dogon ɗinki, in zauna ina jan zare, in kai tsakiya ya tsinke, in koma farko. Takalmin tattara, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa keken ɗinki ya danne yadi yana tattara shi, shi ne ya raba ni da wannan wahala, sai dai iri-iri ne, kuma ba kowanne zai hau kekenki ba.

Ki fara da duba keken. Sandar da takalmi ke ɗaure a jikinta, a wasu kekunan gajera ce, a wasu doguwa. Baƙin keken nan na Butterfly da tsohon Singer, da yawancin Brother da Janome na gida, gajera gare su. Na masana'anta irin Juki DDL-8700 doguwa ce, kuma takalmansa daban ne. Akwai kuma na zamani da ake danna takalmin ya maƙale ba sai an kwance ƙusa ba. Ni shawarata, ki kwance takalmin da ke jikin kekenki ki jefa a jaka kafin ki nufi kasuwar Balad ko Bab Sharif a Jidda. Ki ce wa mai shago kina son dawwas kashkasha, sunansa ke nan da Larabci, ki ɗora naki a kan teburinsa. Na taɓa sayen wanda bai hau ba saboda na dogara da hoton kwali, har yau yana cikin gwangwanin maɓallai.

Ƙaramin takalmin, ɗan guntun ƙarfe ne mai tsaga a gefe, ba abin da ke motsi a jikinsa. Ƙasansa ne aka ƙera yadda yadin zai riƙa cunkushewa a bayan allura duk lokacin da haƙoran keke suka tura shi. Yawan tattarar yana hannunki: ki tsawaita ɗinkin zuwa milimita 4 ko 5, ki ɗan ƙara matse zaren sama, sai ta cika, ki rage, sai ta yi sakwa-sakwa. A kan shifon, tul, boyil da auduga mara kauri, aikinsa gwanin sha'awa. Tsagar nan kuwa, idan kika zura wani yadin a cikinta, na ƙasa zai tattaru na sama ya tafi a miƙe, sun haɗu a ɗinki ɗaya. Yana da arha, ba ya lalacewa. Inda yake gazawa shi ne atamfa mai sitaci, shadda da kirep ɗin abaya mai nauyi. Sai ki ga yadin ya ɗan yamutse kawai.

Babban, wanda nake kira mai harshe, shi ne ke ba mutane tsoro idan suka gan shi, don kamar wani ƙaramin inji yake. Yana da hannu mai baki biyu da ake saƙalawa a ƙusar da ke riƙe allura. Allura na hawa da sauka, hannun na tura wani siririn harshen ƙarfe yana ninke yadin. A samansa akwai lambobi: 1 na nufin ninki a kowane ɗinki, 6 ninki ɗaya bayan ɗinki shida, 12 bayan goma sha biyu, sai sifili ko tauraro idan kina son ɗinki miƙaƙƙe. Ga kuma ƙusar da ke saita zurfin ninkin. Wato abin da yake yi ya fi kusa da kasarat, ninki daidai wa daida kamar an auna. Da shi atamfa ba ta gardama, haka bakin labule da na zanin gado.

Amma yana son haƙuri. Ɗinki miƙaƙƙe kaɗai yake karɓa, allura a tsakiya, kuma ki fara juya keken da hannu ki tabbatar allurar ba ta taɓa ƙarfe. Kada ki taka shi babu yadi a ciki, haƙora za su cinye harshen. Yana da ƙara, ba ya son gudu, yana son ɗigon mai lokaci-lokaci. A shago ki motsa hannun da yatsa. Idan yana cijewa ko harshen ya karkace, ki ajiye masa kayansa ko da ya rage miki riyal nawa.

Mai keken ofalok, wato na gyaran bakin yadi, ta duba ko yana da maɓallin da ke bambanta gudun haƙoran gaba da na baya. Idan ta kai shi 2, yadi mara nauyi zai tattaru yana gyara baki a tafiya ɗaya. Ƙirjin rigar yara mai talewa kuwa ba aikin takalmi ba ne, zaren roba ake naɗawa da hannu a matsayin zaren ƙasa na keke.

Da ƙanwata ce ta tambaye ni, zan ce ta fara da ƙaramin, tunda yawancin kayan sallar yara a nan yadi ne mara nauyi saboda zafi. Mai harshe sai idan atamfa da labule sun fi yawa a aikinta. Ko wanne kika ɗauka, ki yanki ƙyalle na santimita 50 daga yadin da za ki ɗinka, ki tattara, ki auna. Idan ya dawo 25, kin san ninki biyu na tsawon bakin rigar za ki yanka.